Me ya sa lamfiri ke kashe kifin da yake rayuwa a jikinsa?

Ɗaliba daga Zariya:
Assalamu alaikum. A darasin halittu an koya mana cewa mai shan jinin wani ba ya cin riba idan ya kashe wanda yake sha, domin abincinsa ne zai yanke. To amma na karanta cewa kifin lamfiri ya kusa ƙarar da manyan kifaye a Manyan Tabkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. Ina roƙon malamai su warware mini wannan.

Malamin kimiyyar halittu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙa'idar da aka koya muku daidai ce, amma tana aiki ne a inda halittun biyu suka daɗe tare. Lamfiri dogo ne, ba shi da muƙamuƙi, kuma guringuntsi gare shi a maimakon ƙashi. Bakinsa faifai ne zagayayye mai cike da haƙora, da shi yake manne wa gefen kifi, ya kankare ɓawo da fata da harshensa mai kaushi, sannan yawunsa ya hana jinin daskarewa ya yi ta zuƙa. Asalin gidansa Tekun Atlantika ne, inda yake samun manyan kifaye waɗanda galibi sukan jure raunin su warke.

A da, gangaren ruwan Nayagara ne ya tare shi a Tabkin Ontariyo. Da aka gyara mashigin jiragen ruwa na Welland, wanda ya kewaye gangaren, a 1919 sai ya samu hanya, aka gan shi a Tabkin Eri a 1921, kafin ƙarshen shekarun 1930 kuma ya kai tabkunan Mishigan da Huron. A nan ya tarar da kifayen da ba su kai na teku girma ba, ba su kuma taɓa saninsa ba, ga koguna masu tsakuwa da suka dace da yin ƙwai, inda mace ɗaya kan zuba har dubu 100. Lamfiri guda yana iya hallaka kifayen da jimillar nauyinsu ta kai kilo 18 a cikin watanni 12 zuwa 18 da yake shan jini. Kamun tirawut, wani babban kifin tabkunan, da yake kusan kilo miliyan 7 a shekara ya faɗi ƙasa da kilo dubu 150 a farkon shekarun 1960, masunta da yawa suka rasa sana'a.

Likitan dabbobi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ja hankalin ƙanwata kada ta ɗauka cewa wanda ba ya kisa nan take ba shi da haɗari. Kaska ba ta ƙarar da jinin saniya, amma da damina idan ka ɗaga wutsiya ko ka duba hantsa ka tarar da su sun kumbura jere, abin tsoron shi ne cutar da suke sa wa dabbar, kamar fitsarin jini, da kuma kirci da ke tsananta a jikin shanun da kaska ta yi wa yawa. Matsattsaku ma yakan shige hanci ko maƙogwaron dabba lokacin shan ruwa a kududdufi, ya yi kwanaki yana zubar mata da jini.

Ɗaliba daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam, shin an samu kawar da shi daga tabkunan?

Malamin kimiyyar halittu:
Ba a kawar da shi ba, an dai danne shi. Amurka da Kanada sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1955, kuma bayan gwada dubban sinadarai aka gano TFM, wanda ake zubawa a koguna ya kashe 'ya'yan lamfiri tun suna binne a cikin laka, inda suke shafe shekaru kafin su fara shan jini. Da wannan magani da shingayen da ke hana manya hawa koguna aka rage yawansu da kusan kashi 90 cikin 100. Aikin ba ya yankewa, domin duk lokacin da aka yi sakaci da magani sai adadinsu ya sake hawa.