Shafina na intanet ya yi kyau amma ciniki bai zo ba, ina neman shawara

Mai Jakunkuna: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ƴar Tawa ce, amma na daɗe da zama a Yamai. Mahaifinmu baduku ne, Allah ya jiƙansa, kuma tun ina yarinya nake zama gefensa ina kallon yadda yake rina fatar akuya ja da kore, har idona ya saba da launi mai ƙarfi. Yayana ne ya gaji sana'ar, shi ke ɗinka jakunkuna da takalma a can gida, ni kuma ina sayarwa a nan, wani lokaci ina kai wa masu rumfa a kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata. Da baƙi suka ragu ciniki ya ja baya, sai na biya wani yaro jika 200 ya tsara mini shafin intanet. Ya sa bango baƙi, rubutu ruwan zinariya mai lanƙwasa, da bidiyon yayana yana ɗinki wanda ke tashi da kansa da zarar an buɗe. Ranar da ya nuna mini a kwamfutarsa sai da na yi ƙwalla. Yau wata huɗu ke nan, mutum uku kaɗai suka saya, kuma ƙanwata ta ce a wayarta baƙin allo kawai take gani. In ƙara haƙuri ne, ko in nemi wani ya sake?

Malamin Kwamfuta: Wa alaikumus salam Hajiya. Na buɗe shafin da wayata, na ƙirga har ashirin kafin jaka ta farko ta bayyana. Ciwon a fili yake. An ɗora hotunan yadda suka fito daga waya, kowane ya kai megabait 4 ko 5, alhali ana iya matse shi ya koma kilobait 200 a tsarin WebP, wato tsarin ajiye hoto mara nauyi, ba tare da ido ya ga bambanci ba. Mai saye da ya sa mega ta jika ɗaya ba zai ƙone ta wajen kallon allura tana shiga fata ba. Na biyu, salon rubutun da ya zaɓa ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, shi ya sa a kalmar “ɗinki” wani ɗan akwati ya maye gurbin harafin farko. Kuma ban ga farashi ko ɗaya a shafin farko ba. Ki sa a cire bidiyon, a mai da bango fari, a sa farashi da maɓallin WhatsApp ƙarƙashin kowace jaka. Idan kina shakka, ki saka adireshin shafin a PageSpeed Insights na Google, mai auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne.

Mai Albasa daga Madawa: Hajiya, kafin maganar launi, da sunan wa aka yi rajistar adireshin? Ni wani ya yi wa ƙungiyarmu shafi mai hoton albasar Galmi, abin gwanin sha'awa, shekara na zagayowa ya daina ɗaga waya, ashe adireshin da kalmar sirri duk suna hannunsa, kuma kuɗin sabuntawa na shekara da muka ba shi bai biya ba. Har yau ina jin ɗacin abin, domin ni na kawo shi, ni kuma dattawa suka zarga.

Maman Tagwaye: Ni dai ban ga amfanin wahalar ba. Turaren wutata duk a WhatsApp da Facebook nake sayarwa, kuma ban taɓa biyan kowa ko dala ba.

Ɗan Ƙwanni a Faransa: Da girmamawa Malam, ban yarda da farin bango ba. Mutanen nan ba jaka kawai suke saye ba, hannun da ya ɗinka ta suke son gani, kuma jar fata ta fi fitowa a kan duhu. Idan aka kwashe adon, me zai raba shafinta da na dillalan kayan roba? A wayata ya buɗe nan take.

Mai Jakunkuna: Na gode ƙwarai. Malam, bidiyon nan ni na nace a sa shi, domin shi ne shaidar cewa aikin hannu ne. Farashi kuwa da gangan na ɓoye, saboda abin da zan faɗa wa mutumin Yamai daban yake da na mutumin waje. Baƙin bangon ma launin tabarmar fatar mahaifina ne.

Malamin Kwamfuta: Ɗan uwa, kana inda rezo ke da ƙarfi, ita kuwa ƙanwarta tana Tawa. Hajiya, ki gaya mana gaskiya: su wa kike son su saya? Ba ki faɗa ba tun farko. Ado ba laifi ba ne, amma aikinsa ya kai ido kan jakar, naki kuwa yana janye ido daga kanta. A tsakar ranar Yamai, siririn rubutu a kan baƙi ba ya karantuwa a waya, ki fita ƙofar gida ki gwada. Google ma fuskar shafi ta waya yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. Bidiyon a kai shi shafin tarihinku, mai so ya latsa.

Mai Albasa daga Madawa: Har yanzu ba ki amsa mini maganar kalmar sirri ba.

Mai Jakunkuna: Tana wurin yaron, amma ɗan ƙanwar maigidana ne, ba zan iya ce masa aikinsa bai yi ba, balle in kai wa wani ya gyara. Masu saye kuwa duka nake so, na gida da na waje. Malam, babu yadda za a yi shafin ya yi sauri a bar bidiyon inda yake?