Famfon ruwan Porsche 996: abin da masu motar suka ce

Da hirar masu motocin Porsche ta kai kan motar 911 samfurin 996, wadda ta fito a 1997 kuma ita ce 911 ta farko mai sanyaya inji da ruwa, kusan baki ya zo ɗaya: kada a jira famfon ruwa ya mutu. Farfelarsa ta roba ce. Idan boris ya ci, sai ta riƙa goga jikin inji, fukafukanta su kakkarye, gutsattsarin su toshe ƙananan hanyoyin ruwa da ke cikin kan silinda, wato murfin saman inji. Wurin ya yi zafi, ƙarfe ya tsage, aiki ya koma na sauke inji.

Wasu sun ce a saka mai farfelar ƙarfe. Bakanikai suka ƙi, kuma ina bayansu, domin ƙarfe in ya karkace jikin injin zai sassaƙe.

A kan lokacin canji aka ɗan yi ja-in-ja, amma galibi sun tsaya kan shekara huɗu zuwa biyar. Kafin nan a cire bel, a girgiza fulin famfon, wato wilin da bel ke juyawa, da hannu. In yana rawa, ko an ga busasshen ruwa fari-fari a gindinsa, a canza. Lagireto kuwa suna gaba, can bayan bamba, ganye kan taru ya ruɓar da su.