Kumburin ciki da zufar dare tun da al'adata ta fara wasa, wai daga hanji ne?

Maman Nafisa, Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa mata. Shekarata 48, al'adata ta fara yi min wasa, wani watan ta zo wani ta ƙi, ga wani zafi da ke taso min daga ƙirji har fuska, ko da sanyi ake in farka cikin dare jiki sharkaf da zufa. Wannan dai na san shekaru ne. Abin da ya dame ni cikina, ko fura na sha sai ya kumbura tim, ga iska, ba haya kuma sai da ƙyar. 'Yar ƙanwata ta turo min bidiyo a WhatsApp wai duk daga hanji ne, wai in an gyara ƙwayoyin cikin hanji sinadaran mace su daidaita har zafin ya tafi, kuma suna sayar da maganin kwalba jikka 15. Don Allah masu sani gaskiya ne ko neman kuɗi ne kawai?

Hajiya Babba, Zango:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Kar ki ba kowa jikka 15. Ki je kasuwar Dole ki sayi filasko ki jiƙa ki sha da dare, da safe cikin zai wanke tas, in kumburi ne kuma ɗan ruwan kanwa ya isa. Mu haka muka ga iyayenmu na yi.

Sajfam Damagaram:
Hajiya a yi haƙuri, ni ungozomar asibiti ce, zan ɗan saɓa miki, filasko na sau ɗaya in ciki ya ƙi babu laifi, amma wadda ta maida shi na kullum hanjinta zai iya sabawa, ga zawo da rasa ruwan jiki, kanwa kuma gishiri ce, a shekarun da tansiyo ke fara hawa, wato hawan jini, ba abin sha ba ce kullum.

Yaya Maman Nafisa, masu bidiyon sun ɗauko gaskiya kaɗan ne suka hura mata iska. Ga yadda abin yake. Sinadarin mace da ake kira istirojin, ƙwan mace ne ke yin mafi yawansa. In ya gama aiki hanta ke ɗaure shi ta tura shi cikin ruwan matsarmama zuwa hanji don ya fita da ba haya, to a cikin hanjin akwai wasu bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu kwance ɗaurin nan sai wani kaso ya koma cikin jini. Masana sun raɗa wa wannan rukunin bakteriyar suna istirobolom tun 2011. An kuma lura cewa bayan ɗaukewar al'ada ire-iren bakteriyar hanjin mace kan ragu, har su fara kama da na maza. Kenan alaƙar tana nan, kuma ta ɓangare biyu ce, sinadarin na taɓa hanji, hanji na taɓa sinadarin.

Amma fa hanji ba ya ƙera istirojin, abin da jiki ya riga ya yi ne yake maidowa. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 ƙwan ne da kansa ke rage aiki, babu kwalbar da za ta tashe shi. Abin da aka tabbatar ya fi rage zafin nan da zufar dare shi ne maganin sinadarin kansa, wannan kuma likitan mata ne ke rubutawa bayan ya duba tansiyo da nono da tarihin mace, don ba kowa ya dace da shi ba, wadda ta taɓa ciwon dajin nono ko daskarewar jini ba a ba ta haka nan.

Kumburin da taurin ba hayan kuwa nan ne abinci ke aiki sosai, kuma abincin yana cikin gidanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, wato dusa-dusar abinci da ciki ba ya narkarwa, ita bakteriyar kirki ke ci. Matsalarmu a gari mun koma shinkafa fara da makaroni da burodi safe da dare, hatsin ma a surfe shi fes a ba awaki dusar. Ki koma tuwon hatsi ko dawa da miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale da ƙuli, rama, yakuwa, wake, ɗan wake, dambu. Sai dai a hankali, in kika tashi rana ɗaya kika cika kwano da wake iskar za ta fi ta da. Ki jiƙa waken ki zubar da ruwan kafin dahuwa, ki fara da kaɗan, ki sha ruwa da yawa, da zafin garin nan mata da dama taurin ba hayansu rashin ruwa ne kawai. Ki riƙa ɗan taka ƙasa da yamma, ba kullum kabu-kabu ba.

Abu ɗaya kar a yi wasa da shi: in kumburin ya ƙi sauka sati da sati, ko kina ƙoshi da wuri, ko ramewa ba dalili, ko jini a ba haya, ko kuma al'ada ta ɗauke wata 12 cur sai jini ya dawo ko ɗigo ne, wannan ba na zogale ba ne, asibitin uwa da yaro ko babban asibiti za ki nufa a yi miki eko, wato hoton ciki.

Ɗan Mirya (mai farmasi):
Iyaye mata a ba ni dama in sa baki. Abin da nake gani kullum, mace ta ji ciki ya kumbura sai ta sayi kafso wajen masu tallar magani a tire ta haɗiye biyu, gobe ma haka. Antibiyotik ne fa Inna, ba ya bambanta bakteriyar cuta da ta kirki, kina shan shi don ciki kina ƙara lalata cikin. Sai awara, wasu mata na jin sauƙin zafin da ita wasu ko kaɗan, dalilin ma hanji ne: waken suya na da wani sinadari da sai wasu bakteriya sun juya shi ya zama ikwal mai ɗan kama da istirojin, kuma ba kowa ke da su ba, a Turai wajen mutum ɗaya cikin uku ne, a Japan da Koriya kusan rabi. Ki gwada ba tsada, in dai ba a soya ta ta sha mai ba.

Maman Nafisa, Birni:
Allah ya saka da alheri, jikka 15 ɗina ta tsira. Malama sajfam to furar fa, in daina ne? Don ni ban iya wuni ban sha ba.

Sajfam Damagaram:
A'a Yaya kar ki daina, nono mai tsami na da bakteriya masu amfani, ga kalsiyam da ƙashinki ke buƙata yanzu da istirojin ya ja baya. Ki dai tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, ki rage sukari, in kuma kin ga nonon ne ke kumbura ki ki rage yawansa ki ga. Nawa tansiyonki ya nuna awon ƙarshe?