Neman kalma: me za mu kira irin wannan fim ɗin da Hausa?

Jama'a, akwai wani nau'in fim da Turawa ke kira psychological thriller, mu kuma har yanzu ba mu raɗa masa suna ba. In za mu ba wani labarinsa sai mu ce na tsoro ne, ko na tashin hankali. A kunnen Bahaushe fim ɗin tsoro na aljanu ne da fatalwa, na tashin hankali kuwa na harbe-harbe da dambe. Wanda muke magana a kai sau da yawa ba aljani ba jini, amma sai ka ji numfashinka ya tsaya.

Ku ɗauki Flightplan na 2005, wanda Jodie Foster ta fito a matsayin uwa. Mijinta ya rasu a Berlin, ta ɗauko gawarsa a jirgi zuwa New York tare da 'yarsu mai shekara 6. Barci ya ɗauke ta, ta farka babu yarinya. Aka duba takardar fasinjoji, babu sunanta. Babu wanda ya ce ya gan ta. Daga baya ma aka ce mata yarinyar ta mutu tare da ubanta, baƙin ciki ne ya juya mata kai. Abin da ya sa fim ɗin ya zama na wannan nau'in shi ne kai mai kallo ma sai ka fara tambayar kanka, anya akwai yarinyar kuwa? Har uwar ta kusa yarda. Sai ta huci gilashin taga, zanen zuciyar da yarinyar ta yi da yatsa kafin jirgi ya tashi ya bayyana.

Na ga shawarwarin da wasunku suka kawo kan sunan da za mu ba irin wannan fim ɗin. Malam da ya ce "fim ɗin taɓin hankali", Allah ya ƙara basira, amma ina ganin akwai matsala. Sunan ya riga ya yanke wa uwar hukunci, alhali duk nauyin labarin yana kan ko lafiyarta ƙalau ko a'a. Sannan kalma ce da ake jifan marasa lafiya da ita, bai kamata mu mayar da ita sunan nishaɗi ba. "Wasa ƙwaƙwalwa" kuma ya yi sanyi, kacici-kacici yake kawo wa mutum a rai.

Wata Hajiya ta kawo "fim ɗin zullumi", kuma wallahi kalmar ta yi. Zullumi shi ne zaman jiran abin da kake tsoron faruwarsa. Sai dai ya fi dacewa da babban gidan, wato thriller baki ɗaya. Misali Changeling na 2008, wanda Clint Eastwood ya ba da umarni, labari ne na gaske: Christine Collins, wadda ɗanta Walter ya ɓace a Los Angeles a 1928. 'Yan sanda suka kawo mata wani yaro daban, da ta dage cewa ba nata ba ne suka kai ta asibitin masu taɓin hankali. A nan mai kallo bai taɓa shakkar ta ba, ya san gaskiyarta tun farko, zullumin me zai same ta kawai yake yi.

Don haka ni shawarata ita ce "fim ɗin waswasi". Kowa ya san waswasi daga sallah, kana tsaye ba ka san ko raka'a uku ka yi ko huɗu ba, kuma ba wanda zai raba maka gardamar sai zuciyar da ita ce ta rikice. Fagen daga a irin wannan fim ɗin ke nan, cikin kan mutum. Na san wani zai ce kalmar ta jingina da Shaiɗan, amma muna cewa "ina waswasin ko na kulle ƙofa" ba tare da kowa ya kawo addini ba.

Masu fassara finafinai da masu sharhi, ku gwada ta a baki ku ji: "Wannan na zullumi ne, wancan na waswasi." In a Damagaram ko Sakkwato akwai wadda ta fi wannan zama, ku kawo ta mu auna.