Waɗanda suka taɓa zuwa Gwanzu, me ya fara girgiza ku?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina zai fara tafiya birnin Gwanzu na Chaina saro kaya, daga Kano zai bi ta Addis, yana so ya riski Canton Fair, wato kasuwar baje koli ta watan Oktoba. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa ku faɗa mana abin da kuka fara cin karo da shi, ya tafi da shirinsa.

Alhajin Wambai:
Wa alaikumus salam. Ni dai waya ce. Muna sauka na kunna don in gaya ma iyali na iso lafiya, WhatsApp shiru, Facebook shiru, Google ma ba ya buɗewa, duk a toshe suke a can, Hajiya tana gida hankali a tashe sai da wani ɗan Maraɗi da muka haɗu a otal ya taimake ni. Ka ce masa ya sa WeChat da Alipay, manhajojin da ake biyan kuɗi da su, tun yana gida, domin hatta mai ayaba a bakin titi lamba ce manne a kekenta, da waya ake biya, in ka miƙa mata takardar yuwan 100 sai ta rasa canji. Sannan awa 7 suka riga mu, safiyarsu tsakar darenmu ce.

Hajiya mai leshi:
Alhaji ni kam abinci ne ya ba ni wuya wallahi. Alade ko ta ina, har abin da kake gani kamar ganye ne zalla ba ka san da wane mai aka soya ba, burodi da shayi na yi ta sha har aka kai ni unguwar Shawbe. Can ne na samu natsuwa, ga gidajen abincin musulmin Chaina masu farar hula, allonsu kore, suna ja maka taliya da hannu a gabanka. Ruwa kuma mai zafi za su kawo maka ko da rana tsaka. Ya tafi da yajinsa, amma kilishi kar ya fara, kwastan ba sa bari a shiga da nama. Ƙaramar buta ma ya saka a jaka, bayinsu babu ruwan tsarki.

Ɗan Zongo:
Gaskiya Hajiya. Ni kallo ne ya dame ni, a jirgin ƙasa wata tsohuwa ta shafa hannuna tana duba yatsunta, raina ya ɓaci sosai, ko da yake na ga rashin sabo ne. Amma ranar Juma'a da na je masallacin da suke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yana nan, na ga ɗan Chaina da Balarabe da ɗan Mali sahu ɗaya, har hawaye na yi.

Malam na Fagge:
Allah sarki. Sai dai maganar kabarin, abin da malaman tarihi suka tabbatar a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, Allah ya ƙara masa yarda.

Alhajin Wambai:
Ɗan Kwari wani abu kuma, fasfo kar ya rabu da aljihunsa, 'yan sanda na tambaya a Shawbe. Kuma kar ya bari biza ta ƙare masa, tarar yuwan 500 ce kowace rana, har tsare mutum suna yi.