Tsohuwar Marsandi SL a matsayin motar zuwa aiki kullum: za ta yi ko ba za ta yi ba?

Injiniya: Jama'a barkanmu da yamma. Ina nan a kan bakana: tsohuwar Marsandi SL, mai ƙofa biyu da ake cire wa rufi, za ta iya zama motar zuwa aiki kullum a Kano. Tawa 300 SL ce ƙirar 1987, da ita nake zuwa ofis, da ita nake zuwa cefane. Samfurin nan da ake kira R107 shekara 18 kamfanin ya yi yana ƙera shi, daga 1971 zuwa 1989, ya fitar da sama da 237,000. Injin da ke cikin tawa kuwa, M103 mai silinda shida, shi ne dai na cikin 300E, wato V-boot ɗin da ta cika garin nan a da. Ina wahalar take?

Baba Mai Gareji: Injiniya, inji na yarda da shi, na kwance irinsa ba adadi. Ka kula da lagireto, kada ka bari ya yi zafi, in ya fara yoyon baƙin mai ta gaban kai ka sa a gyara, zai kai ka inda kake so. Amma mota ba inji ce kaɗai ba. Abin da ke ba wa injin nan mai ba kafireto ba ne, ba kuma irin injektan zamani ba ne da yaro zai jona kwamfuta ta faɗa masa ciwon. Na'urar Bosch ce da ake kira KE-Jetronic. Iska tana danna wani faifai, faifan yana tura wani siririn ƙarfe a cikin kan rabon mai, shi kuma ya aika fetur ga silinda shida da matsin da aka auna. Ɗan datti kaɗan ya isa ya maƙale shi. Yaran da ke garejina yanzu, wallahi babu wanda zan bari ya buɗe wurin nan. Waɗanda suka iya, mun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ka tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a farkon 2022, mai methanol? Sababbin motoci ma sun ji jiki, balle mai shekara kusan 40.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, ai maganarku ta ƙarfafa tawa. Wace mota ce kan rabon manta yake maƙalewa? Wadda aka lulluɓe da tampol sai ranar Sallah. Fetur ya kwana watanni a tanki ya yi danƙo, robobi su bushe, birki ya kama, batir ya mutu. Wadda ake tayarwa kowace safiya mai yana zagayawa a cikinta. Ni gidan mai ɗaya nake sha, kuma ina canza matatar mai tun kafin lokacinta.

Baba Mai Gareji: Wannan gaskiya ne, ajiya tana kashe ta fiye da tuƙi. Ban musa ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Yallaɓai Injiniya, bari mu da muke cikin kayan gyara mu sa baki. Fulogi, matatar mai, bel, famfon ruwa, gasket, duk wanda ya shafi inji zan nemo maka yau ɗin nan, sabo ko na Beljiyam, saboda V-boot ta bar mana gado. In babu a nan, akwai a Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. To amma ranar da ɗan adaidaita sahu ya goge maka fitilar baya a danjar Ƙofar Nassarawa fa? Fitilar SL mai gurza-gurza, gilashin gaba, robar ƙofa, bamba, babu ko ɗaya da na V-boot zai hau. Sai an yi oda daga Jamus ko Amurka, a biya da kuɗin waje, a jira makonni. Ita 300 SL ɗin ma ba ta kai 14,000 ba da aka ƙera a duniya kaf. Mai motar yau da kullum ba ya jiran jirgi kafin ya je aiki.

Injiniya: Fashewar fitila ba ta hana mota tashi.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Tana hana ta fita da dare, kuma 'yan Road Safety ba za su karɓi uzurin cewa kaya na hanya ba.

Hajiya: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Injiniya, yaya kake yi da yara? Kujera biyu ce. In matarka za ta unguwa da goyo da na yaye, ina za su zauna? Motar da ba za ta kai yara makaranta ba, ba za ta ɗauko baƙo daga tasha da kayansa ba, ta yaya za a ce mata ta yau da kullum? Ka ce dai motarka ta kai kaɗai. Sannan mai. Tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi. Nawa take sha, tsakani da Allah?

Injiniya: Hajiya, ba zan ɓoye ba, a cikin gari tana shan lita 13 zuwa 14 a kilomita 100, in gosulo ya yi yawa ta haura. Corolla ba za ta sha haka ba. Amma tafiyata gajeriya ce, kuma ki duba ɗaya gefen: sabuwar mota kullum darajarta sauka take yi, wannan kuwa ta daɗe da gama faɗuwa, masu nemanta ƙaruwa suke. Batun yara kuma akwai motar gida a hannun uwargida.

Hajiya: To ka ga ni. Da wata motar a bayanka kake wannan bugun ƙirji. Mai mota ɗaya tal kada ya ji maganarka ya sayar da tasa. Kuma akwai abin da ya fi kuɗi. Allah ya kiyaye, in tsautsayi ya faɗa, mota ce marar rufin ƙarfe na dindindin. Ƙarfen da ke tasowa da kansa ya kāre kan mutum in mota ta kife, sai a samfurin da ya biyo baya aka sa shi, a 1989. Babu jakar iska ta gefe, babu na'urar da ke hana mota kwacewa a kwana. Tsakanin tirela da tifa kake yawo a titin Zariya, kana ƙasa-ƙasa, direban babbar mota ko hango ka ba lallai ya yi ba. Kana da iyali, Injiniya. Wannan ne abin da nake so ka auna.

Injiniya: Na ji, kuma na gode, don na san kulawa ce. A zamaninta tana cikin mafi ƙarfi: an ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba saboda kifewa, an ɗora tankin mai a saman gatarin baya don kada karo ya fasa shi, birkin ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, ya shigo samfurin tun 1980, tawa tana da shi. Ban ce ta kai ta yau ba. Shi ya sa ba na hawa hanyar Kaduna da ita da dare.

Ƙaramin cikinmu: Yayyena, ni tambayata esi. A zafin Afrilu da rufin tampol?

Baba Mai Gareji: Rufin ƙarfe yake ɗora mata, tana zuwa da shi, sai mutum biyu sun kama ake saukewa. Esin kuma da gas ɗin R12 aka yi shi, wanda aka daina saboda yarjejeniyar kāre muhalli ta Montreal ta 1987. Ana juya shi zuwa R134a, yana sanyi, amma a tsaye cikin gosulo ba ya kai na da. Rana ita ce babbar abokiyar gabar motar nan a wajenmu. Tana tsaga dashbod, tana cinye robobi, bututun iska na cikin inji su yi ƙarau su karye a hannunka. Tsatsa ba ta damunmu kamar Turai inda ake zuba gishiri a titi, sai wuri ɗaya da mutane ba su sani ba. A ƙasan gilashin gaba akwai akwatin fankar iska, da 'yan hanyoyin da ruwa ke bi ya fita. Ƙurar hunturu da ganyen dalbejiya su taru a ciki, ruwan farko ya mayar da su taɓo, hanya ta toshe, ruwa ya kwanta yana cin ƙarfen da ke tsakanin inji da direba. Ba ka sani ba sai ka ji kafet ya jiƙe. Gyaran wurin nan sai an kwance dashbod gaba ɗaya.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ga kuma sabon leɓen ƙasan bambar gaba da aka sa mata daga 1985, kowane tudun rage gudu sai ya gaisa da shi.

Injiniya: A karkace nake hawa, a hankali. Baba, to yanzu ina kuka tsaya?

Baba Mai Gareji: Mai silinda shida, 280 ko 300, a hannun wanda yake da bakanike tsayayye da inuwar ajiya da mota ta biyu, na yarda za ta yi. Masu silinda takwas, 450 da 500 da 560, kada ma a fara, man da suke sha da matsin wurin aiki a cikin bonet ba na kullum ba ne.

Hajiya: Sharaɗi uku kenan kafin a tayar da ita. Ni ban sauka daga matsayina ba, wannan motar marmari ce.

Injiniya: Marmarin da ke kai ni ofis ƙarfe takwas, Hajiya.

Baba Mai Gareji: Ka kawo ta ranar Asabar da safe kafin gareji ya cika, in buɗe akwatin fankar nan in hura hanyoyin ruwan tun damina ba ta sauka ba. Ka taho da sabuwar matatar mai.