Wa ke da iko kan laburaren da mai shi ya bari?

Ɗan Mabera: Jama'a ku taya ni gani. Laburaren nan (tarin lambar kwamfuta da wasu ke amfani da ita cikin aikinsu) na harshen Python da ke juya kwanan wata zuwa na Hijira ya ƙi hawa kan Python 3.12, don fayil ɗin girka shi, setup.py, na kiran tsohon kayan girkawa distutils, wanda anka cire daga Python a 2023. Gyare-gyaren mutane na nan jibge a GitHub, shafin da ake aje lambar aikin, mai shi ko uffan. Duk wanda ya bar aiki haka, a ƙwace sunan a PyPI, rumbun da ake sauke laburaren Python, a ba mai iyawa!

Na Arkilla: Ƙwace? Ƙanena, gyara bakinka. PEP 541, ƙa'idar PyPI kan miƙa suna, ta shimfiɗa hanya: a nemi mai shi aƙalla sau 3, mako 6 bai amsa ba, babu sabuwar siga cikin wata 12, babu motsinshi a shafin aikin. Sannan kai ma ka nuna gyaran da ka yi a reshenka, wato kwafinka na aikin, ka faɗi abin da ya sa sabon suna ba zai wadatar ba. Wanga miƙawa ce.

'Yar Runjin Sambo: Ko da takarda, ƙwace ƙwace ne, Malam. Mutane suna sauke sabuwar siga ne don sun amince da tsohon mai shi, ba su san hannu ya canza ba. Ku tuna xz, manhajar matse fayil: anka yi ta matsa wa mai kula da ita, Lasse Collin, cewa ya gaza, har Jia Tan ya samu iko, ya dasa ɓoyayyar ƙofa a siga 5.6.0 da 5.6.1. Sai a Maris 2024 Andres Freund ya bankaɗo ta.

Ɗan Mabera: Hajiya, ɓarawo kike kirana ke nan?

'Yar Runjin Sambo: Kai ka ce ƙwace, ba ni ba.

Na Gawon Nama: xz da harshen C anka rubuta shi, ba Python ba, kar a shafa mana kashin kaji. Wagga cuta ta 'yan JavaScript ce. A 2018 anka ba baƙo laburaren event-stream, ya cusa wani mai suna flatmap-stream don satar kuɗin masu manhajar ajiyar Bitcoin ta Copay.

Ɗan Tudun Wada: Haba Yaya! Can mai shi da hannunshi ya miƙa, babu wanda ya ƙwace. Kuma npm, rumbun laburaren JavaScript, na da fayil mai kulle siga tun tuni, ku 'yan Python kuna nan kuna rubuta jerin laburarenku a requirements.txt babu lambar siga.

Na Gawon Nama: Masu sauke laburare ɗari don aikin layi goma?

Malamar Kwamfuta: Don Allah ku tsaya. Ɗan Mabera, tsaga reshe, ka bar sanarwar haƙƙin mallaka yadda take, in lasisin MIT gare shi, ya wajabta haka. Kafin ka taɓa komai, gudanar da gwaje-gwajen da ke ciki kan tsohuwar Python ka ga waɗanda ke wucewa, in ba haka ba ba za ka gane ɓarnar da kai ka yi ba. Sai ka bar setup.py ka koma sabon fayil ɗin girkawa, pyproject.toml. Kar ka haɗe gyare-gyaren mutane a dunƙule, karanta kowane ɗaya. PyPI kuma ba ta barin ka ɗora komai sai da tantancewa mataki biyu.

Ɗan Tudun Wada: Ina jiran amsa kan requirements.txt.

Na Arkilla: A matsayina na mai kula da zaure, ga abin da anka cimma: kowa ya yarda PEP 541 ce hanya, kuma matsalar tsaro ta npm ce. An rufe.

'Yar Runjin Sambo: Wa ya yarda, Malam? Ni ban yarda ba.